Ƙyauren Zuciyar Doguwa

A ƙasan babban otal ɗin, inda ƙafar baƙo ba ta taɓa sauka ba, akwai wani dogon ɗaki maras taga da ake wanki da guga a cikinsa. A tsakiyar ɗakin injin guga yake, ƙaton abu mai tsawon mota, da gangunan ƙarfe masu zafi waɗanda suke haɗiye zanen gado da danshinsa, su fitar da shi ta baya a bushe, sumul kamar takarda. Mutum huɗu ne suke aiki a kansa. Biyu suna gaba suna kama kusurwoyin zane suna miƙa wa injin, biyu suna baya suna karɓa suna ninkewa. Wadda take tsaye a gaba ta hannun dama ita ce shugaba, domin maɓallin tsayar da injin yana kusa da hannunta, kuma da idonta ake daidaita bakin zane. Shekara ashirin da uku Doguwa ta yi a wannan gurbi.

Sunan ya bi ta tun tana makaranta, lokacin da ta kere wa duk 'yan ajinsu tsawo. Siririya ce mai dogayen yatsu, idan ta buɗe hannuwanta sai ta kusa kama zanen gadon mutum biyu ita kaɗai. Mahaifinta mai wanki da guga ne, a gabansa ta koyi cewa kari ɗaya da ya karkace yana ɓata sunan mai guga. Ta auri bakanike, mutum mai barkwanci wanda ƙumbarsa ba ta rabuwa da baƙin mai, suka haifi 'ya'ya uku. Ta shiga otal ɗin a matsayin mai ninki bayan ta yaye na fari, ta yi shekara huɗu a baya kafin ta dawo gaba. Manajoji biyar sun zo sun tafi, an canza injin sau biyu, ita tana nan. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya lallashi ba. Idan sabuwar ma'aikaciya ta miƙa zane a karkace, ba ta yi mata faɗa, sai dai ta tsayar da injin ta zuba mata ido har ta gyara. Da yawa sun ce gara zagi da wannan kallo.

Tun tana budurwa ta san zuciyarta takan yi wani abu. Takan ji kamar tantabara ta yi fiffike a ƙirjinta, bugu ɗaya ya ɓace, na bayansa ya zo da ƙarfi. Wani lokaci kuma wani ɗan suka ne a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ya zo ya wuce. Ba ta taɓa kai ƙara ba. Amma a shekarar da ta cika arba'in da tara abin ya yawaita, ya fara zuwa da jiri. Wata ranar Talata da hantsi, tana riƙe da kusurwar zane, sai ɗakin ya yi mata duhu. Ta samu ta danna maɓallin tsayarwa, sannan ta sulale ta zauna a ƙasa. Ba ta suma ba, kuma ta riƙa nanata hakan daga baya. Abokiyar aikinta ta hannun hagu, wadda ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa, ta fasa kururuwa har masu girki suka sauko. Kafin azahar labari ya kai ga manaja cewa Doguwa ta faɗi a gaban injin.

Manajan ya tura ta wurin likitan da yake duba ma'aikatan otal, wani dattijo mai furfura har a gira. Ya ɗora mata abin sauraro a ƙirji, ya sa ta kwanta, ya sa ta miƙe, ya sa ta tsuguna. Ya ce yana jin wani ɗan ƙas a tsakiyar bugu. Ya zana mata zuciya a bayan ambulan, ya nuna mata cewa tsakanin ɗakuna biyu na ɓangaren hagu akwai ƙofa mai ƙyaure biyu, wadda take rufewa duk lokacin da zuciya ta matse don kada jini ya koma baya. Nata ƙyauren, in ji shi, ya yi laushi, yana lanƙwasawa baya kamar labulen da iska ta buga. Daga nan fiffiken yake, daga nan sukan yake, daga nan jirin yake. Ya rubuta cewa a ɗauke ta daga gaban injin, ya kuma tura ta babban asibiti a ɗauki hoton zuciyar.

Likitar zuciya matashiya ce, ba za ta girmi 'yar Doguwa ta fari da yawa ba. Ta shafa mata wani mai mai sanyi a ƙirji, ta nuna mata zuciyarta tana motsi a allo. Ta ce dattijon bai yi kuskure ba, ƙyauren yana lanƙwasawa, amma kaɗan ne, jinin da yake komawa baya bai taka kara ya karya ba. Sai dai ba ta yarda shi ne yake kawo abin da Doguwa take ji ba. Ta ce mutane da yawa suna da irin wannan ƙyaure har su tsufa ba su ji komai ba, wasu kuma suna jin fiffike da jiri alhali ƙyaurensu lafiya lau. A da, in ji ta, likitoci sukan ɗora wa ƙyauren laifin komai, yanzu da yawansu sun ja da baya. Ta tambaye ta ko tana da damuwa a gida, ko tana samun barci, ko takan ji tsoro ya kama ta ba dalili. Doguwa ta ce damuwarta ɗaya ce, ita ce wannan tambayar. Likitar ta yi murmushi, ta ba ta wata 'yar na'ura mai wayoyi da ake liƙawa a ƙirji, ta kwana ta wuni tana ɗaukar kowane bugu.

A nan Doguwa ta yi kuskurenta na farko. Ba ta son 'yan ɗakin guga su gan ta da wayoyi kamar wadda aka ɗauko daga gadon asibiti, don haka ta zaɓi ranar hutunta. Ta wuni a gida tana tsintar shinkafa, tana sauraron maigidanta yana faɗa da wani tsohon janareta a tsakar gida. Zuciyar ta yi ladabi kamar baƙuwa. Da aka karanta na'urar ba a ga komai ba, likitar ta rubuta cewa zuciya ba ta da matsalar da za ta hana aiki, alamun kuma sun fi kama da na damuwa.

Haka ta koma otal da takarda biyu masu ƙaryata juna. Manajan saurayi ne mai tsabta, bai cika shekara biyu da zuwa ba, kuma ba mugu ba ne. Ya jera takardun a kan tebur, ya karanta kowace sau biyu, ya ce shi a ganinsa duk hanya ɗaya suka nufa. Idan zuciya ce, ba zai bar mai ciwon zuciya a gaban ƙarfe mai zafi ba. Idan damuwa ce, mai damuwar da take zubewa ƙasa ma ba zai bar ta a can ba. Akwai ɗakin ajiyar tawul a hawa na biyu, da kujera da fanka, kuma ba abin da zai ragu a matsayinta. Ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta koya wa Rediyo tsayuwar hannun dama.

Doguwa ta dube shi irin kallon da take yi wa sabuwar ma'aikaciya.

"Manaja, ɗakin tawul na san shi. Can aka kai wadda ta koya mini aiki, wata shida ta yi ta fara magana da bango. Ni ba zan hau ba."

"Mama, ba hukunci ba ne. Hutu ne."

"Wanda ya gaji shi ake ba hutu. Na ce maka na gaji?"

Ya ce magana ta ƙare, ƙarshen wata ne. Ta ce to, Allah ya kai mu, ta fita ba ta ɗauki ko ɗaya daga cikin takardun ba.

A gida ma musun likitocin ya sami magoya baya. Maigidan ya bi bayan matashiyar. Ya ce ai shi ya daɗe da sani, mace mai haɗiye magana shekara talatin dole wata rana maganar ta nemi hanyar fita ta ƙirji. Ya ba ta shawara ta riƙa zaginsa sau uku a rana bayan cin abinci, ya ce shi ya yafe. 'Yarta ta fari kuwa ta bi bayan dattijon, ta riƙa bugo waya safe da yamma tana roƙon uwar ta ajiye aikin gaba ɗaya, har ta hana ƙannenta barin ta ta ɗauki bokiti. A wurin aiki Rediyo ta riƙa kawo labarin mutanen da zuciya ta kashe a tsaye, ƙanin mijin maƙwabciyarta da wani mai sayar da taya, tana ƙarewa da cewa ita fa ba ta son gurbin hannun dama, ko an ba ta ba za ta karɓa ba. Kowa ya san abin da yake damun Doguwa, ita kaɗai ce ba a tambaya ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne zaɓin da aka ajiye mata, ko ta yarda ita majinyaciya ce, ko ta yarda abin da take ji a ƙirjinta ƙirƙirarsa take yi. Ba ta ga dalilin da zai sa ta karɓi ɗaya daga ciki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maigidan ne ya buɗe mata hanya ba da niyya ba. Wata safiya tana jinsa yana yi wa wani mai mota bayani a ƙofar gida, cewa ƙarar da mota take yi a kan hanya ba a neman ta a gareji, sai an hau an taka ta a inda take yin ƙarar. Doguwa ta ajiye kofin da yake hannunta. Ranar ba ta nufi otal ba, asibiti ta wuce, ta zauna a benci ba tare da takardar ganin likita ba, har aka gama da mutum goma sha bakwai. Da ta shiga ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Likita, na'urarki a gareji ta gwada ni. Laifina ne, ni na zaɓi ranar hutu don ina jin kunya. Ki sake ba ni, in sa ta a gaban injin."

Likitar ta ce layin masu jiran na'urar yana da tsawo, kuma ba ta tsammanin sakamakon zai canza. Doguwa ta ce idan bai canza ba za ta dawo da ƙafarta ta ce ita mai damuwa ce, a rubuta da jan biro. Amma ba za a ɗauke ta daga aikin shekara ashirin da uku a kan gwajin ranar da ta wuni tana tsintar shinkafa ba. Likitar ta ɗaga waya. Aka samo na'ura ranar Alhamis, saura kwana tara wata ya ƙare.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Doguwa ta shigo ɗakin guga da wayoyi suna leƙowa ta wuyan riga, ta tsaya a tsakiya ta ce kowa ya kalla ya ƙoshi yanzu, don idan injin ya tashi ba ta son ido a kanta. Kafin ƙarfe tara gumi da tiriri suka fara ɓamɓare abin da aka liƙa. Rediyo ta yage bakin wani tsohon zane ta naɗe mata ƙirji da shi tam, tana cewa yau ga Yaya ta zama kayan aika saƙo, saura a rubuta adireshi. Likitar ta riga ta ce a rubuta duk lokacin da abin ya motsa, hannun Doguwa kuwa ba ya barin zane, saboda haka idan ta ji fiffiken sai ta ce "yanzu", Rediyo ta dubi agogon bango ta faɗa da ƙarfi, ɗaya daga masu ninki ta rubuta a bayan katin wanki. Sau goma sha ɗaya aka rubuta. Sau biyu jiri ya zo, ta cije ta kafa ƙafa, ba ta zauna ba.

Wannan karon na'urar ta yi magana. A daidai lokutan da aka rubuta a katin, an ga bugun da yake riga lokacinsa, ana kuma ganin zuciyar tana gudu fiye da kima. Likitar ta ce irin wannan bugu ba mai haɗari ba ne, amma ta amsa cewa ba ƙirƙira ba ce. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne duk goma sha ɗayan sun faɗo ne tsakanin ƙarfe goma da sha biyu. Da yamma, lokacin da ɗakin ya fi zafi kuma jiki ya fi gajiya, babu ko ɗaya. Ta tambayi abin da yake faruwa da ƙarfe sha biyu. Doguwa ta ce ba komai, hutu ne, suna cin abinci su sha ruwa. Likitar ta ce kafin nan fa? Doguwa ta ce kafin nan ba a sha.

Sai da ta faɗa ta ji nauyin maganar. Banɗakin ma'aikata yana can bayan wurin ajiye motoci, sai an hau bene an ratsa tsakar otal, tafiya da dawowa minti goma sha biyu. Injin kuma ba ya aiki da mutum uku, idan ɗaya ta fita sai a tsaya, zannuwa su taru, masu gyaran ɗakuna su sauko suna masifa. Don haka 'yan injin suna da ƙa'idarsu da ba a rubuta a ko'ina ba: kofin shayi mai kauri da asuba, daga nan ba mai kai ruwa baki sai sha biyu. Awa shida a tsaye cikin tiriri. Sabuwar da ta zo da gorar ruwa, da kallo ɗaya ake sa ta mayar da ita jaka. Kuma ba manaja ne ya kafa wannan ƙa'ida ba. Doguwa ce, a shekararta ta farko a hannun dama, kuma tana alfahari da ita.

Likitar ta kira dattijon a waya a gabanta, ta buɗe murya don ta ji. Dattijon ya ce ai ga shi nan, maganarsa ta fito, idan ruwan jiki ya ragu zuciya takan ɗan tsuke, ƙyaure mai laushi ya ƙara lanƙwasawa. Matashiyar ta ce ko zuciyar da ƙyaurenta ya fi na kowa kyau, a hana ta ruwa awa shida a cikin zafi bayan shayi mai kauri, haka za ta yi, ba ruwan ƙyaure. Ya kawo shekarunsa na aiki, ta kawo abin da aka gano a binciken baya-bayan nan. Cikin ladabi suke yi, amma ba mai niyyar sauka. Doguwa ta bar su suka yi mai isarsu, sannan ta matso kusa da wayar.

"Likitoci, ku gafarce ni. Wannan musu naku ne, ku ci gaba da shi bayan na tafi, Allah ya ba mai gaskiya sa'a. Ni tambayata ɗaya ce. Idan na sha ruwa na rage shayi, akwai abin da kuka gani a zuciyar nan da zai hana ni tsayuwa a gaban injin?"

Matashiyar ta ce babu. Dattijon ya yi gyaran murya, ya ce shi dai da zai so ta huta, amma a kan abin da aka gani ba zai ce akwai ba. Ya gindaya sharaɗi, a sake hoton zuciyar duk shekara, kuma idan ta suma ko numfashi ya fara yi mata wuya, ta zo a ranar. Ta ce ta karɓa, a rubuta a takarda ɗaya su sa hannu su biyu, don ta gaji da yawo da takardu masu faɗa da juna.

Ta kai wa manaja takardar saura kwana biyu. Ba ta tsaya a nan ba, ta ce tana son a ajiye tulun ruwa kusa da injin, a kuma tsayar da shi minti goma sha biyar da ƙarfe tara da rabi, kowa ta sha ta zaga. Manajan ya ce shi bai taɓa hana kowa shan ruwa ba, an gaya masa ma dokar tata ce. Ta ce tata ce, ita ta ɗaura, ita za ta kwance, kuma ta riga ta tara 'yan injin ta ba su haƙuri, har da waɗanda suka bar aikin tana neman lambarsu. Ya ce minti goma sha biyar zane arba'in ne. Ta ce ya sauko ya tsaya a hannun hagu awa shida ba ruwa, idan ya kai sha biyu a tsaye ta janye. Bai yi dariya ba, amma ya ajiye biro. Ya ce wata ɗaya na gwaji. Idan ta sake zama a ƙasa ko sau ɗaya, ba takardar da za ta cece ta.

Jirin bai dawo ba. Fiffiken kuwa bai tafi duka ba. A mako na uku, da yamma, cikinta cike da ruwa, ba gajiya ba ɓacin rai, tantabarar ta motsa sau biyu a jere ta lafa. Rediyo ta ga fuskarta ta canza, ta raɗa mata cewa ta yi shiru, ba wanda ya gani. Doguwa ta ce ita ta ji.

Ranar da watan ya cika manajan ya sauko da kansa, ya tsaya nesa da tiriri yana kare rigarsa. Kafin ya buɗe baki ta tsayar da injin, ta gaya masa cewa abin ya zo mata sau biyu ranar Laraba ta makon jiya, sau ɗaya kuma shekaranjiya, ba jiri, ba ta saki zane ba. Ya tambaye ta to wanne ne a ciki, ƙyauren ne ko damuwar. Ta ce waɗanda suka yi karatun ma ba su gama ba, ita ba za ta riga su ba. Abin da ta sani shi ne yana zuwa, tana jinsa, yana wucewa, aikin kuma yana fita.

"Da kin yi shiru, Mama, da ban sani ba."

"Shi ya sa na faɗa. Ba na son gurbin da zan riƙe da ɓoye-ɓoye. Idan za ka ɗauke ni, ka ɗauke ni a kan gaskiya."

Ya dubi tarin zannuwan da aka ninke, ya ɗaga na sama ya duba bakinsa, ya mayar. Ya ce a kawo masa sakamakon hoton shekara idan lokacinsa ya yi, ya juya ya hau bene. Rediyo ta sauke ajiyar zuciya, ta ce ita kam ta tsira daga hannun dama, Allah ya ƙara wa Yaya taurin kai. Doguwa ta ce ta rage surutu ta kama kusurwarta, masu gyaran ɗakuna suna jira.